Taswirar da ke bango da lambobin da ke cikin kwamfuta: ina kuskuren yake shiga?

A watan Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan wani gangami da ƙungiyoyin Africa No Filter da Speak Up Africa suke jagoranta, wanda ke neman makarantu da ofisoshi da kafafen labarai su daina amfani da taswirar Mercator, su koma ga wata sabuwa mai suna Equal Earth. Hujjarsu a fili take. Faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, wato ya ninka na tsibirin Girinlan kusan sau 14, amma a kan taswirar Mercator sai a ga kamar girmansu ɗaya. Da labarin ya bazu, mutane da yawa suka ɗauka cewa akwai taswirar ƙarya da taswirar gaskiya, kuma da zarar an sauke ɗaya daga bango an rataya ɗayar magana ta ƙare.

Shin haka abin yake? Kuma me ya haɗa wannan muhawara da ma'aikacin ƙididdiga da ke zaune da kwamfutarsa yana lissafa ƙauyukan da ba su da asibiti a kusa, ko faɗin gonakin da ambaliya ta cinye? Haɗin yana da ƙarfi, domin lissafin da ya ƙanƙantar da Afirka a ido shi ne yake aiki a ɓoye cikin manhajojin nazarin bayanai irin su R da Python a duk lokacin da aka ba su lambobin wuri. Bambancin kawai shi ne, kuskuren taswirar bango kowa yana ganinsa, na cikin lissafi kuwa yana fitowa ne da kamannin amsa mai kyau.

Abin da ya sa babu taswirar da ba ta tauye wani abu

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwarya ya san ba a shimfiɗa ta a ƙasa kamar tabarma sai an fasa ta. Haka duniya take. Masanin lissafin nan na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar a 1827 cewa ba zai yiwu a kwantar da bayan abu mai siffar ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗen wuri ba tare da an ja wani sashe ko an matse wani ba. Saboda haka kowace dabarar shimfiɗa taswira tana zaɓen abin da za ta kiyaye da abin da za ta sadaukar. Wata tana kiyaye faɗin ƙasa ta gurɓata siffa, wata tana kiyaye kusurwa da siffar ƙananan wurare ta gurɓata faɗi, wata kuma tana kiyaye nisa daga wuri guda kawai. Babu wadda ta haɗa su duka, kuma ba za a taɓa samun ta ba.

Gerardus Mercator ya fitar da tasa a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa. Abin da ya kiyaye shi ne kusurwa, ta yadda matuƙin da ya riƙe alƙibla ɗaya a kamfas zai ga tafiyarsa a matsayin miƙaƙƙen layi a takarda. Farashin wannan shi ne kumbura: a kan latitud (wato nisa arewa ko kudu daga ikwaita, layin da ya raba duniya biyu) na digiri 60 kowane tsawo yana ninkuwa sau 2, faɗi kuma sau 4, alhali ƙasashen da ke kusa da ikwaita suna nan kusan yadda suke. Ba a rage Afirka ba, an dai buɗa Turai da Rasha da Kanada. Equal Earth, wadda Bojan Šavrič da Tom Patterson da Bernhard Jenny suka gabatar a 2018, ta zaɓi kiyaye faɗi, don haka kowace nahiya tana samun rabonta daidai, sai dai siffofin da ke gefe suna ɗan karkacewa.

Akwai misalin da ya shafi kowane Musulmi. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Makka a kan Mercator zai samu kusurwar kusan digiri 73 daga arewa, alhali gajeriyar hanya a bayan ƙwallon duniya, wadda ita ce ake lissafa alƙibla da ita, tana farawa ne a kusan digiri 68. Idan wuri ya ƙara nisa, kamar arewacin Amurka, saɓanin yana girma ƙwarai.

Lambobi biyu ba su isa su nuna wuri ba

Kafin a zo ga shimfiɗa, akwai mataki na farko da ake yawan tsallakewa. Idan aka ce birnin Kano yana kan digiri 12.00 arewa da digiri 8.52 gabas, an faɗi rabin zance ne, domin dole a san a kan wace siffar duniya aka auna, kuma daga ina aka fara ƙirge. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, a ɗan danne take daga sama da ƙasa. A ma'aunin WGS 84, wanda GPS ke aiki da shi, daga tsakiyar duniya zuwa ikwaita mita 6,378,137 ne, zuwa ƙuryar arewa kuma ya gaza haka da kimanin kilomita 21. Wannan siffa, tare da yadda aka kafa ta a jikin duniyar gaske, ita ake kira datum, wato tushen awo.

Najeriya tana da nata tun zamanin mulkin mallaka. Datum ɗin Minna ya ginu ne a kan siffar Clarke ta 1880, kuma an kafa shi a wata tashar awo mai lamba L40 da ke Minna. Tsofaffin taswirorin ƙasar da takardun safiyo masu ɗimbin yawa da shi aka yi su. Idan aka ɗauki lambobin da aka auna da Minna aka karanta su kamar na WGS 84, wurin yana gusawa da kimanin mita 80, wani lokaci fiye da mita 100 idan lambobin na mita ne ba na digiri ba. A taswirar ƙasa baki ɗaya ido ba zai ga wannan ba. A unguwar da fuloti yake ƙafa 50 sau 50 kuwa, gushin ya tsallake gidaje da yawa.

Tsarin awon wuri, wanda ma'aikata ke taƙaitawa da CRS, shi ne haɗin waɗannan abubuwa: tushen awo, da ma'auni na digiri ko mita, da jerin lambobin, da dabarar shimfiɗa idan akwai. Iri biyu ne manya. Akwai na digiri, wanda bai shimfiɗa komai ba, akwai kuma shimfiɗaɗɗe, wanda ke ba da mita gabas da mita arewa. Domin kada kowa ya riƙa rubuta dogon bayani, akwai rajistar EPSG da ke ba kowane tsari lamba. Masu safiyo na kamfanonin man fetur na Turai ne suka fara ta, kuma dalilinsu a bayyane yake, tunda rijiyar mai da aka haƙa a wurin da ba shi ba asara ce ta miliyoyi. WGS 84 na digiri shi ne 4326, Minna na digiri 4263, Mercator na taswirorin intanet 3857, Equal Earth kuma 8857.

Mutanen Maraɗi da Damagaram za su fahimci wannan da sauri. Idan mai kaya ya ce “ashirin”, baƙon da bai san ana ƙirga da dala ba zai miƙa sefa 20, alhali ana nufin sefa 100. Lambar daidai take, ma'aunin ne ya ɓace a hanya. Haka fayil ɗin Excel ko CSV yake: yana ɗauke da lambobi, ba ya ɗauke da tsarin da aka auna su.

Inda aikin ke lalacewa a R da Python

Masu aiki da R galibi suna amfani da ƙunshin umarni mai suna sf na Edzer Pebesma domin ɗigo da layi da iyakoki, da terra na Robert Hijmans domin hotunan tauraron ɗan adam da sauran bayanai masu gida-gida, wato waɗanda aka yanka wuri zuwa ƙananan murabba'ai, kowane da ƙimarsa. A Python akwai geopandas da pyproj. Dukkansu suna dogara ne da injin lissafi guda mai suna PROJ, wanda Gerald Evenden ya fara rubutawa a hukumar binciken ƙasa ta Amurka a shekarun 1980. Don haka kura-kuran iri ɗaya ne ko da wace manhaja mutum yake aiki.

Mafi yawa shi ne rikita laƙabawa da sauyawa. Umarnin st_set_crs a R, ko set_crs a Python, ba ya taɓa lambobi ko kaɗan, yana rubuta musu suna ne kawai, yana cewa da tsari kaza aka auna waɗannan. Umarnin st_transform, ko to_crs, shi ne ke lissafa sababbin lambobi daga wani tsari zuwa wani. Na farko kamar rubuta “sefa” ne a kan damin naira, na biyu kuma shi ne zuwa wurin ɗan canji. Wanda ya laƙaba wa lambobin digiri sunan tsarin mita zai ga Kano ta koma mita 8 da rabi gabas da mita 12 arewa daga mafarin awo, kuma Najeriya gaba ɗaya ta dunƙule ba ta kai faɗin tsakar gida ba. Wannan kuskuren yana da sauƙi domin yana tona kansa. Mai haɗari shi ne laƙaba WGS 84 a kan lambobin Minna, saboda komai zai zauna inda ake tsammani, sai dai da gushin da ba mai lura da shi.

Sai batun jeri. A magana ana cewa latitud sannan longitud (wato nisa gabas ko yamma), haka ma rajistar EPSG ta tsara 4326, amma sf da geopandas da fayilolin GeoJSON suna sa longitud a farko, domin shi ne na kwance. A pyproj har sai an rubuta always_xy=True kafin a tabbata da jerin. A ƙasashe da yawa musanya lambobin biyu yana jefa ɗigo cikin teku, nan take a gane. A Najeriya ba haka ba ne, kuma a ganina wannan ne abin da ya fi cancanta a koya wa duk mai tattara bayanai a ƙasar. Latitud ɗinta yana tsakanin digiri 4 da 14, longitud kuma tsakanin 3 da 15, wato kusan zango ɗaya. Idan aka musanya lambobin Kano, ɗigon zai sauka kusa da Ganye a jihar Adamawa. Na Abuja zai faɗa kusa da Gboko a Binuwai, na Zariya kuma a yankin Bali na jihar Taraba. Duk suna cikin ƙasa, duk a kan tudu, kuma manhaja ba za ta yi ƙorafi ba. Hanyar kama shi ita ce a gwada kowane ɗigo da iyakar jiha ko ƙaramar hukumar da aka rubuta masa, a ware duk wanda ya faɗa waje. Ɗigon da aka bar gurbinsa babu komai kuma, aka cike da sifili da sifili, yakan bayyana a tekun Gini, kudu da gabar Ghana.

Kuskure na gaba shi ne auna nisa da digiri. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ko'ina, amma na longitud yana raguwa yayin da ake nisa da ikwaita: kilomita 111 a can, kusan 109 a Kano, kusan 56 a digiri 60. Mai binciken da yake son zagaye kowane asibiti da da'irar kilomita 5, ya rubuta 5 a geopandas alhali bayanansa na digiri ne, zai samu da'irar digiri 5, wato kusan kilomita 550. Asibiti ɗaya a Kano zai lulluɓe Sakkwato da Maiduguri da Abuja da Damagaram. Manhajar tana fitar da gargaɗi, amma gargaɗi ba ya tsayar da aiki, kuma wanda ya saba ganin jajayen rubuce-rubuce yakan wuce su. A R lamarin ya sauya daga fitowar sf 1.0 a 2021, inda aka fara lissafa nisa da faɗi a bayan ƙwallo ta hanyar ƙunshin s2. Wannan gyara ne mai kyau, sai dai yana nufin tsohon rubutun lissafi zai iya ba da wata amsa dabam a sabuwar manhaja.

Akwai kuma sauyin da ya rikita masu koyo da kansu. Daga PROJ 6 a 2019 an bar tsofaffin jimlolin da ke farawa da +proj a matsayin cikakken bayanin tsari, domin suna zubar da wasu bayanan datum, aka koma ga lambar EPSG da wani salon rubuta bayanin tsari mai suna WKT2. A watan Oktoban 2023 kuma aka janye tsofaffin ƙunsoshin rgdal da rgeos da maptools daga rumbun R. Darussa da yawa da ke yawo a intanet sun girmi waɗannan sauye-sauye, kuma ɗalibin da ya kwafe su zai sha wahala ba da laifinsa ba.

Mercator na intanet ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne ke ƙarƙashin Google Maps da OpenStreetMap, kuma ma'auninsa mita ne, abin da ke sa a amince da shi. Waɗannan mitoci ba na ƙasa ba ne. Gonar da aka auna faɗinta a wannan tsari mai lamba 3857 za ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a Legas, kashi 5 a Kano, kashi 10 a Agadas. Matsalar ba girman ƙarin kaɗai ba ce, har da rashin daidaitonsa, domin yana hauhawa ne daga kudu zuwa arewa. Idan aka raba yawan jama'a ko amfanin gona da wannan faɗin, arewa za ta fito da ƙarancin cunkoso da ƙarancin yabanya a kowace hekta fiye da gaskiya, kuma wani zai iya gina bayani mai tsawo a kan bambancin da shimfiɗa ce ta haifar da shi.

Ga bayanai masu gida-gida, sauya tsari yana tilasta sake rarraba ƙimomi cikin sababbin gidaje. Idan ƙimar yawan mutane ce, jimilla tana iya sauyawa. Idan lambar rukuni ce, kamar 1 na gona da 3 na ruwa, matsakaici zai haifar da 2 da ba ya nufin komai a wurin. Abin da ya fi aminci shi ne a bar hoton yadda yake, a sauya iyakokin zuwa tsarinsa.

Ƙasa ɗaya, shiyyoyi uku

To wane tsari za a zaɓa? Domin aikin gari ko jiha, yawanci wani shimfiɗaɗɗen tsari mai suna UTM ake ɗauka. Ya raba duniya zuwa shiyyoyi 60 masu faɗin digiri 6, kuma a cikin kowace shiyya kuskuren awo bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 ba. Najeriya da Nijar duk sun ratsa shiyyoyi uku: ta 31 daga digiri 0 zuwa 6, ta 32 daga 6 zuwa 12, ta 33 daga 12 zuwa 18. Sakkwato da Yamai suna ta 31, Kano da Katsina da Damagaram suna ta 32, Maiduguri tana ta 33. A shiyya ta 32, mai lamba 32632, Kano tana kusan mita 448,000 gabas da mita 1,326,000 arewa.

Wahalar ita ce lambobin kowace shiyya kamanninsu ɗaya, domin kowacce tana ba layin tsakiyarta mita 500,000. Idan ba a rubuta shiyya ba, lambobin wani ƙauye na Sakkwato za su zauna lafiya a shiyya ta 32, su sauka sama da kilomita 600 gabas da inda suke. Layin digiri 6 ya ratsa Zamfara, na digiri 12 kuma ya bi ta gefen Damaturu, don haka ko aikin jiha ɗaya yana iya haɗa shiyyoyi biyu. A kan wannan kuma akwai tsofaffin shiyyoyin safiyo na Najeriya guda uku, na yamma da na tsakiya da na gabas, masu lambobi 26391 zuwa 26393, duk a kan datum ɗin Minna. Idan aikin ya shafi faɗi a ƙasa baki ɗaya ko yankin Sahel, an fi samun natsuwa da shimfiɗa mai kiyaye faɗi irin ta Albers, ko kuma a bar bayanan a digiri a lissafa kai tsaye a bayan ƙwallo.

Ɓangarorin muhawarar

Masu gangamin suna cewa hoto yana gina tunani, kuma yaron da ya tashi yana ganin nahiyarsa a tsuke zai ɗauke ta ƙarama. Wannan ƙorafi ba sabo ba ne, Arno Peters ya tayar da irinsa a 1973. A kan taswirar aji da ta labarai ina ganin gaskiya tana tare da su, kuma masana taswira da kansu sun daɗe suna cewa Mercator ba ta dace da nuna duniya baki ɗaya ba.

Masu sana'ar kuma suna tunatar da cewa Mercator ba don cin fuska aka ƙirƙira ta ba, kuma tana da aikin da ta fi kowa iyawa. Direban da ke bin taswirar waya a Sabon Gari yana buƙatar mahaɗar titi ta fito da kusurwarta ta gaskiya, arewa kuma ta kasance sama a ko'ina, abin da Equal Earth ba za ta ba shi ba. UTM ɗin da ake auna filaye da shi ma Mercator ce aka kwantar a gicciye. Maganganun biyu ba sa karo da juna, sai idan an nace cewa dole taswira ɗaya ta yi kowane aiki.

Yadda abin ke isowa ƙofar talaka

Tun farkon shekarun 2010 aikin rigakafin shan inna a jihohin arewa ya dogara da taswirar matsugunai da na'urorin GPS domin a san inda ma'aikata suka taka da inda suka tsallake. Irin waɗannan bayanai ne ake amfani da su wajen tsara inda za a gina cibiyar lafiya ko makaranta ko rijiyar burtsatse. Rugar da aka musanya lambobinta ba ta ɓace daga jadawali ba, ta dai koma wata jiha, kuma tawagar da aka tura ƙaramar hukumarta ba za ta gan ta a jerin aikinta ba.

Akwai iyaka ma ga abin da lambobi masu kyau za su iya faɗa. Binciken lafiya da yawan jama'a na DHS yana gusar da wuraren da aka yi tambayoyi da gangan domin sirrin mutane, har zuwa kilomita 2 a birni da kilomita 5 a karkara, kaɗan daga na karkara kuma har 10. Mai lissafa tazara zuwa asibiti daga irin waɗannan ɗigo ya kamata ya sa wannan a ma'auni kafin ya rubuta amsa da ɗigon goma.

A harkar filaye abin ya fi tsanani. Hukumomi irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano suna mayar da rajistar filaye zuwa kwamfuta, wanda ke nufin tsofaffin awon Minna suna haɗuwa da sababbin awon GPS a allo ɗaya. Sauyi tsakanin datum biyun ba lamba ɗaya tak ba ce, akwai hanyoyi fiye da ɗaya a rajistar EPSG, kuma suna iya saɓawa da 'yan mitoci. Ga taswirar cututtuka wannan ba komai ba ne, ga katangar maƙwabta kuwa shari'a ce. Mai fili da ya karɓi takardar safiyo yana da damar ya duba ko an rubuta datum da shiyyar da aka yi awon a jikinta, idan babu kuma ya nemi mai safiyon ya rubuta kafin ya sa hannu.